Me ya sa duwatsun sama suka fi faɗowa da la'asar?

Jama'a, da za a tambayi mutum yaushe dutse ya fi faɗowa daga sama, zai ce cikin dare, tunda da dare ne muke ganin tauraro ya ja wuta ya ɓace. Amma da masana suka tattara lokutan faɗowar duwatsun da aka gani da ido har aka je aka tsinto su, sai lissafi ya karkata zuwa bayan azahar, wajen ƙarfe 3 na yamma. Ƙarfe 3 na dare kuwa shi ne mafi ƙaranci.

Dalili na farko daga sama yake. Duniyarmu tana zagaye rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. Ɓangaren da yake cikin asuba shi ne goshinta, shi ke karo da duk abin da ke kan hanya, kamar yadda ƙwari ke bugun fuskar mai babur. Shi ya sa taurari masu faɗuwa suka fi yawa gab da asuba, sai dai ƙarfin karon yakan ƙone su ƙurmus tun suna can sama. Dutsen da ya biyo duniya ta baya, ta ɓangaren da yake cikin maraice, a hankali yake shigowa idan aka kwatanta, don haka ya fi samun damar isowa ƙasa bai ƙone duka ba.

Dalili na biyu shi ya fi tsaya min a rai, kuma ba a cika ba shi muhimmanci ba. Dutsen da ba a ga faɗowarsa ba, ba ya shiga wannan lissafi. Wa ke waje da la'asar? Manomi, makiyayi, mace mai ɗebo ruwa, yaro mai korar tsuntsaye. A ranar 7 ga Oktoba 2008, da wani dutse ya tarwatse a saman hamadar arewacin Sudan, da asuba ne, lokacin da mutane suka tashi salla, shi ya sa aka samu waɗanda suka ga hasken.

Ku dubi Zagami a Katsina. Ranar 3 ga Oktoba 1962, da rana, wani manomi yana korar hankaki daga gonar masararsa sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, abu ya dira kusa da shi, ƙura ta tashi, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa wajen kilo 18. Daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya taso! Yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da hannun masu tara irin waɗannan duwatsu a ƙasashe daban-daban. Sunan Zagami ya zaga duniya, amma a labarin da ake bayarwa, "wani manomi" kawai ake cewa. Wallahi wannan yana min ciwo. Da ba ya gonar a wannan lokaci, da damina ɗaya ta isa ta binne dutsen.

Na Gujba a Yobe ma da yamma ya faɗo, 3 ga Afrilu 1984, mutanen ƙauye suna kallo. Irinsa ba shi da yawa a duniya, amma aka farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa. Ban ga laifinsu ba, babu wanda ya taɓa gaya musu darajar abin da ya sauka a gonarsu.

Ni dai ina ganin ya kamata jami'o'inmu da gidajen rediyo su riƙa faɗakar da mutanen karkara da Hausa: idan ka ga irin wannan, ka riƙe lokacin da ya faɗo da inda ya fito, kada a wanke shi, kada a fasa shi, a sanar da mai gari. Masu zuwa karɓa kuma su rubuta sunan wanda ya gani, su biya shi haƙƙinsa.