Allon buntun shinkafa da na naman kaza: damina ce alƙali

Allon bango na buntun shinkafa yana da kyau a hoto. Launinsa kamar zuma, ba shi da nauyi, kuma duk wanda ya ji cewa daga sharar injin casa aka yi shi sai ya yaba. Sai dai yawancin hotunan da rani ake ɗaukarsu. A koma a duba allon a watan Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a cikin roba, ashana ta ƙi kamawa. Za a tarar gefensa ya kumbura, baƙin ɗigo-ɗigo ya feso a bayansa, tsakiyarsa ta yi ciki ta sauko.

Ina goyon bayan wannan gwaji da zuciya ɗaya. Kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera buntu ne, ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injina, wani lokaci a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi. A ɗaya gefen kuma, yawancin katakon MDF (na niƙaƙƙen itace da aka danne) da muke cika ɗakuna da shi an haɗa shi ne da gam mai fomaldihaid, sinadarin da ke cikin fomalin na adana gawa, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu jawo cutar daji tun 2004. Dalilin neman madadi a fili yake. Abin da ke damuna shi ne masu gwajin sun fi ba da hankali ga buntu, kara ko ɓawon gyaɗa, alhali abin da ke riƙe su wuri guda, wato gam ɗin, shi ne ke kayar da aikin.

Buntu kansa ba ya saurin ruɓewa, saboda yawan sinadarin silika da ke jikinsa. Amma bayansa na da santsi, gam ba ya kama shi da kyau. Don haka a fara ɓarza shi, kada a niƙa ya zama gari. Ma'aunin farawa mai kyau: kilo 1 na ɓarzajjen buntu, giram 300 na sitacin rogo, lita 1 da rabi na ruwa. A dama sitacin da ruwan sanyi tukuna, sannan a ɗora a wuta ana juyawa. Wajen digiri 65 zuwa 70 zai juye daga fari ya koma garai-garai mai yauƙi, a nan ake saukewa. Wanda ya zuba garin sitaci kai tsaye cikin tafasasshen ruwa gudaji zai samu, kuma duk inda gudaji ya zauna a cikin allo, nan zai fara karyewa. Buntu gajere ne, ba ya hana lanƙwasa, saboda haka a yanka zaren rama tsawon santimita 3 zuwa 5, kamar giram 100, a cuɗa ciki. A zuba a akwatin katako mai faɗin santimita 30, a danne da jak ɗin mota har kaurin ya koma santimita 2. Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, ana juya shi kullum. Idan aka baje shi a rana, sama zai bushe ya ƙanƙance ƙasa na jiƙe, allon ya kandare kamar ƙwarya.

To, sitaci abinci ne. Kyankyaso na so, gara na so, fumfuna na so. Maganin da aka fi sani shi ne boraks, wani farin garin sinadari, giram 50 a lita 1 ta ruwan ɗumi, a jiƙa buntun da ramar a ciki, a shanya su bushe kafin haɗi. Kada a juye boraks mai yawa cikin dafaffen sitaci, zai daskare ya zama kamar roba ya ƙi cuɗuwa. Boraks na rage kamawar wuta, amma ruwa na wanke shi, kuma ba abin da za a bari kusa da yara ba ne. Ƙaro kuwa a manta da shi a wannan aiki, danshi kaɗan ke narkar da shi. Irin wannan allo bai dace da banɗaki ba, bai dace da kicin ba, bai dace da ƙarƙashin kwanon da ke yoyo ba.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar gam kwata-kwata. Farin zaren da naman kaza ke bazawa kafin ya fito da lemarsa shi ne ke cin ƙaiƙayi yana ɗinke shi. Kamfanin Ecovative na Amurka ya fara sana'ar a 2007, kuma a 2014 an gina wata hasumiya mai tsayin kusan mita 12 a harabar gidan nunin zane-zane na MoMA PS1 a birnin New York da tubali kusan 10,000 na wannan zare da karan masara. Da lokacinta ya cika aka rushe ta aka mayar da tubalan taki. A lura da wannan: ta wucin gadi ce.

Ga yadda ake yi. A sassara kara ko a samu garin katako, a turara shi a digiri 70 zuwa 80 na awa 1 zuwa 2. A bar shi ya huce, a tsane shi har in an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kawai zai fito. A gauraya da irin naman kaza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, da hannu mai tsabta, a cusa a mazubi, a rufe da leda mai ƙananan huji, a ajiye a duhu. Cikin mako 1 zuwa 2 zai yi fari fat. Sai a fitar a gasa a wajen digiri 80 har nauyinsa ya daina raguwa, don zaren ya mutu. In bai mutu ba, da damina naman kaza zai tsiro a bangon falo. Babbar matsalarmu zafi ce. Zaren na son digiri 24 zuwa 28, kuma shi kansa yana fitar da ɗumi a tsakiyar mazubi. A watan Afrilu da Kano ke haura 40, tsayawa zai yi, koren fumfuna ya cinye wurin. Da zarar an ga kore, a fitar da mazubin waje a zubar, kada a buɗe shi cikin ɗakin. Allon da ya yi kyau yana tare zafi yana shanye amo, amma ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana ƙanƙancewa wajen gashi, sai a yi mazubin ya ɗan fi girman da ake so.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tsallake abin da maginanmu suka daɗe da gwadawa. Makuba ɓawon ɗorawa ne bayan an cire gari da kalwa. Ana jiƙa shi ko a tafasa, ruwan ya yi ja mai duhu, a yayyafa a daɓe ana bugu da madaɓi har ƙasa ta yi sheƙi ta daina shan ruwa. Laso kuma katsin marina ne da aka ƙona aka daka, a haɗa da gashin awaki na majema da yauƙin dafara, kuma da shi ake shafe ramin rini da ke riƙe ruwa shekara da shekaru. Sinadarin da ke aiki a makuba, tanin, shi ne ke cikin bagaruwar da ake jeme fata da ita, kuma a Afirka ta Kudu an daɗe ana yin gam ɗin katako da tanin na ɓawon itace. Ashe wanda ke neman abin da zai kare allon sitaci daga danshi yana da wurin farawa: ya shafa ruwan makuba sau biyu ko uku, yana bari ya bushe tsakani, ya kwatanta da wanda bai shafa ba. A kiyaye ƙarfe kawai. Tanin na haɗuwa da ƙarfe ya yi baƙi, don haka kada a tafasa a tsohon duro mai tsatsa, kuma ƙusa za ta bar baƙin zobe a fuskar allo.

Kafin kowa ya karɓi kuɗin mutane ya liƙa musu wannan a ɗaki, ya yanka guntaye ya gwada. Ɗaya a auna kaurinsa da nauyinsa, a nutsar a ruwa awa 24, a sake aunawa. Ɗaya a ɗora gefunansa kan bulo biyu, a bar shi wata guda a ga ko zai yi ciki. Ɗaya a kara masa harshen kyandir na daƙiƙa 30 a janye, a duba ko wutar ta mutu ko tana ci a ɓoye, domin buntu na iya cin wuta a ciki ba tare da harshe ba, kuma a cikin silin wayoyin lantarki suke bi. Na ƙarshe a binne shi rabi kusa da shuri tare da guntun farin katako don kwatance, a watan Yuni, a tono a Satumba.