Ku daina ce masa wasan 'yan makaranta

Tun jiya da na sa hoton filin wasan Jami'ar Michigan wani bawan Allah ya bi ni da magana, wai na zubar da kuɗina wajen kallon wasan 'yan makaranta, wato ƙwallon Amurka (American football) ta jami'o'i, wai kuma ba ma ƙwallo ba ce tunda da hannu ake ɗauka. Malam, maganar nan ta ɓata min rai ƙwarai.

Wasan 'yan makaranta? Filin nan na garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, kuma duk faɗin Amurka babu filin da ya kai shi, har da na ƙwararrun NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Babban filinmu na Abuja dubu sittin da 'yan kai yake ɗauka. A 2014 Real Madrid da Manchester United suka kara a nan gaban mutum 109,318, amma ba su kamo taron 2013 ba, ranar da ɗaliban Michigan suka karɓi baƙuncin Jami'ar Notre Dame a wasan ƙwallon Amurka, mutum 115,109. Ɗalibai fa! Su ne kake rainawa.

Daga waje ba za ka ga girmansa ba, don tun 1927 aka haƙa shi cikin ƙasa. Sai ka shiga ta sama ka leƙa, ka ga wata ƙatuwar ƙwarya cike maƙil da mutane sanye da ruwan ɗorawa da shuɗi. Benci ne, babu majingina, kafaɗa da kafaɗa. Dattijon da ke gefena ya gama jami'ar shekaru aru-aru, ya zo da jikansa, da aka tayar da taken makaranta ya miƙe yana rerawa, idonsa ya cika da ƙwalla. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ne wasan yara? Mutum ne yake ƙaunar inda ya yi karatu har tsufansa, kuma wannan ƙaunar na je gani.

Za ku ce 'yan wasa suna jin rauni a ka, za ku ce kasuwanci ne. Na ji, ku ajiye min wannan sai wata rana.

Af, tun da hantsin ranar wasan mutane suke buɗe bayan motocinsu a wajen filin suna gasa nama, suna miƙa wa duk mai wucewa. Sai da na dinga tambaya ko na alade ne, a ƙarshe wata baiwar Allah ta ba ni gasasshiyar masara da shayi mai zafi, don sanyin ranar ya fi na hunturun Jos.