Wa ke da hoton da na'ura ta zana?

Akwai masu cewa wanda ya ba manhajar ƙirƙirarriyar basira umarni shi ne mai hoton, amma maganar ba ta ƙare a nan ba. A 2023 wata kotun Amurka ta yanke hukuncin cewa aikin da babu hannun ɗan'adam a cikinsa ba shi da haƙƙin mallaka, alhali a wannan shekarar kotun intanet ta Beijin ta ba wani mutum haƙƙin hoton da ya samar da irin wannan manhaja saboda yadda ya yi ta gyara umarninsa. Abin da ya fi damuna shi ne masu zanen da aka horar da manhajojin da ayyukansu ba da saninsu ba, har wani lokaci akan ga burbushin sa hannu a kusurwar hoton. Wajibi ne a nemi izininsu, a kuma biya su.