Ni da Ƙusar Hinji

Ƙofar direba ta tsohuwar motata ta daɗe da saki. Sai na ɗaga ta sama na kuma buga ta da kafaɗa kafin ta rufu, har yarana suka sa wa abin suna "sallamar Baba". Na san ciwon: bushin da ke cikin hinji, wato ɗan zoben da ƙusar hinjin ke zama a ciki, ya cinye, ƙusar tana lilo. A cire ƙusa, a sa sabon bushi, shi ke nan. Na ce wa uwargida aikin minti 20 ne. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Maigida."

Ran farko na fesa WD-40, man nan mai sassauta tsatsa, kamar mai ban ruwa, na sa siririn ƙarfe daga ƙasa na yi ta dukansa da guduma. Ko gezau. Tsatsa dai muguwa ce, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cika ramin ta damƙe ƙusa kamar mai bin bashi ya kama rigar wanda ya yi shekara yana ɓuya. Bugu na goma sha wani abu ya sauka a babban yatsana. Kalmomin da na furta ba na rubutawa ba ne.

Kashegari na aro wutar gas, don zafi yana buɗa ƙarfen da ke kewaye da ƙusa. Ya buɗa kuwa, amma fenti ne ya fara amsawa, sai robar da wayoyin ƙofa ke bi ta ciki ta soma wari. Na kashe da rigar da ke jikina.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakanike, ashe tun jiya yana kallona.

"Ɗana, shigar da ita kake yi ko fitarwa?"

"Fitarwa, Baba."

"To, ba ni buroshin ƙarfe."

Ya goge tsatsa da tsohon fenti, sai ga kan ƙusar a ƙasa, daidai inda na kwana biyu ina duka. Wannan daga ƙasa aka sa ta, kuma gindin kanta akwai ƙananan haƙora da ke cizon hinji. Wato duk gudumar da na sauke, ƙara zaunar da ita nake yi. A sama kuma ga ɗan kilif yana riƙe da ita, yana zaune lafiya, ba wanda ya tambaye shi. Baba ya zare shi da filaya, ya ce in nemi ƙarfen da bai kai ƙusar kauri ba, in ba haka ba bakinta zai baje ta ƙi wuce ramin, daga nan sai injin huda.

Ya juya zai tafi yana cewa, "Ka tokare ƙofar da jak tukuna, ka sa katako a..."

Zumuɗi bai bar ni na ji ƙarshen maganar ba. Bugu uku, ƙusa ta yi tsalle, ƙofa ta sunkuyo ta gaishe ni a gwiwa. Na rungume ta ina kiran yara, ba wanda ya zo sai uwargida. Ta tsaya ta ƙirga hinjin da yatsa.

"Maigida, ita ta ƙasan ma minti 20 ce?"