Ganye ya yi rawaya, ba lallai ƙishi ba ne

A gidaje da yawa a Aboabo da Sabon Zango na Kumasi, za ka ga ɗaɗɗoya ko barkono a tsohon gwangwanin Milo a bakin ƙofa. Da ganyen ya fara rawaya yana yaushi, sai uwargida ta ce ƙishi ne, ta shiga ƙara ruwa safe da yamma. Abin tausayi, sau da yawa ruwan ne ke kashe shukar.

Saiwa ma tana bukatar iska. Idan gwangwanin ba shi da huda a gindi, ruwa zai kwanta, ya toshe iskar da ke cikin ƙasa, saiwar ta ruɓe, ta yi baƙi tana wari. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganyen ke langaɓewa alhali ƙasar jagab take.

A huda gindin gwangwanin da ƙusa. Kafin a zuba ruwa, a cusa yatsa cikin ƙasar, in da danshi a bari sai gobe. A tsakiyar damina, wajen Mayu da Yuni, a janye shi daga ƙarƙashin indararo. Alobera kam tana ajiye ruwa a ganyenta, kada a ba ta sai ƙasar ta bushe sarai.