Kuɗin binciken sankarar ƙwaƙwalwar yara ba asara ba ne

Tun shekaranjiya nake karanta martanin da aka yi wa wani likita da ya nemi a ware kuɗi domin binciken sankarar ƙwaƙwalwa a jikin yara, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wai ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe wa yara ba ta da bakin maganar bincike. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin yaron da ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa shi ma ɗan wani ne, kuma sau da yawa maganin zazzaɓin ake ta ɗura masa har lokaci ya ƙure.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya ga irin waɗannan yara. Yaro ya riƙa tashi da ciwon kai da amai da sassafe, tafiyarsa ta koma tangaɗi, ido ɗaya ya karkace. A kemis a ce taifot ne, a gida a ce iska ce, sai bayan watanni a yi hoton ƙwaƙwalwa, uban ya riga ya sayar da abin da ya mallaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba.

Abin da masu martanin suka kasa ganewa shi ne, cutar ba ta da yawa, saboda haka babu asibiti ɗaya da zai ga adadin yaran da zai isa a gano wani abu tabbatacce. Dole a haɗa bayanan asibitoci. Akwai nau'in da ake kira DIPG, wanda ke fitowa a tushen ƙwaƙwalwa inda wuƙar tiyata ba ta iya cire shi, kuma akasarin yaran ba sa cika shekara bayan an gano shi. A 2012 masu bincike suka gano sauyin ƙwayar halittar da ke tattare da shi, kuma hakan ya samu ne bayan an tara samfura daga yara da dama.

Don haka duk kuɗin da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko wata gidauniya za ta bayar, a ɗaura masa sharaɗin haɗin gwiwa. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su buɗe kundi ɗaya, a rubuta kowane yaro, da hotonsa, da maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Masu cewa mu jira Amurka ta gano magani, ina tambayarsu: da bayanan yaran wa za a san yana yi wa namu aiki?

Har asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da cututtukan manya aka fara shi, wato sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ina roƙon wakilanmu na Zazzau a majalisa su tashi su tambayi ina rabon yara a cikinsa.