Dalilin da ya sa na sayi faifan fim mai shekara kusan ɗari

Makon jiya ƙanena ya dawo daga Ingila, cikin kayansa har da sautun da na ba shi tun wata biyu da suka wuce: faifan Blu-ray na Metropolis, fim ɗin nan na Jamus marar magana da Fritz Lang ya ba da umarni, wanda aka fara haskawa a Barlin ranar 10 ga Janairun 1927. Da na nuna wa abokaina a majalisa, na farkon da ya buɗe baki cewa ya yi, "Haba Malam, wannan fa kyauta yake a YouTube, me ya kai ka ɓarnar kuɗi?" Ban ji haushi ba. A wannan marra da kowa ke ƙirga kwabo, tambaya ce mai kan gado. Sai dai amsarta ta fi ƙarfin hirar bakin titi, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fim ɗin da mutanen Barlin suka kalla a daren farko bai daɗe a duniya ba. Tsawonsa ya kai awa biyu da rabi. Kamfanin UFA ya narkar da kuɗi kusan mak miliyan 5 (kuɗin Jamus na lokacin) a kansa, aka yi wata 17 ana ɗauka, amma da ya fito kasuwa ba ta karɓe shi ba. Da aka kai shi Amurka, kamfanin Paramount ya ɗauko wani marubucin wasan kwaikwayo, Channing Pollock, ya sa almakashi ya datse kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya sake tsara labarin yadda ya ga dama. A Jamus ma aka bi sahu aka rage shi. Abin da aka yanke kuwa ba a adana ba. Shekara 80 ke nan duk wanda ya ce ya kalli Metropolis, guntu ya kalla.

Kuma ba wannan fim kaɗai abin ya shafa ba. A wancan zamani ana buga fim ne a kan wani irin zare da ake kira naitiret, wanda ke kama wuta kamar an zuba masa fetur, in ma bai ƙone ba ya ruɓe a cikin gwangwani ya zama gari. A 1937 rumbun ajiyar kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ya kama wuta, yawancin finafinansu marasa magana suka tafi a dare ɗaya. Wasu kamfanonin da hannunsu suka narkar da nasu don su ciri azurfar da ke jikin zaren, tunda a ganinsu da zarar fim mai magana ya shigo, tsohon ya zama shara. Binciken da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin 100 sun salwanta gaba ɗaya. Wannan a ƙasar da take da kuɗi da kayan aiki ke nan.

To, yaya aka yi Metropolis ya dawo? Labarin nan duk lokacin da na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. A 1928 wani dillalin finafinai ɗan Ajantina, Adolfo Wilson, ya tafi da kwafi ɗaya cikakke zuwa Buenos Aires. Daga hannunsa ya koma hannun wani mai sharhin fim da ke tara irin waɗannan kaya, daga nan ya shiga hannun hukuma. Daga baya, saboda tsoron gobara, aka kwafe shi a kan ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, ba tare da an wanke na asalin ba, duk ƙura da karcen da ke jikinsa suka bi shi cikin sabon kwafin. Haka ya zauna a gidan adana kayan tarihin sinima na birnin har 2008, lokacin da Fernando Martín Peña, wani masanin tarihin fim, da Paula Félix-Didier, shugabar gidan, suka buɗe gwangwanin suka ga abin da duniya ta fid da rai da shi. Kusan minti 25 na abin da aka yanke suna ciki. Gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden a Jamus ta karɓi aikin haɗawa, ranar 12 ga Fabrairun 2010 aka haska shi a bikin finafinai na Barlin, har da babban allo a Ƙofar Brandenburg, mutane na tsaye cikin sanyin hunturu suna kallo. Wannan kwafin mai minti 148 shi ne a faifan da ke hannuna.

Daren da na saka shi, na kashe fitila, na ajiye waya a wani ɗaki. Labarin wani birni ne da masu kuɗi ke zaune a samansa, ma'aikata kuma suna wahala a ƙarƙashinsa. Abu na farko da ya kama ni shi ne tsabtar hoton. Ma'aikata suna tafiya jere, kai a sunkuye, suna shiga na'urar da za ta sauke su ƙarƙashin ƙasa, kana ganin ɗinkin rigar kowannensu. Dogayen gine-ginen birnin, da aka yi da ƙananan samfura da dabarar madubi ta Eugen Schüfftan, kana iya ƙirga tagoginsu. Fuskar Brigitte Helm, wadda ta fito a Maria kuma ta fito a mutum-mutumin da aka ƙera da kamanninta, kana ganin yadda ido ɗaya kawai take kannewa ka gane ba Mariyar gaskiya ba ce a gabanka. A kwafin da na taɓa kalla a intanet shekarun baya, duk wannan hazo ne fari da baƙi.

Sai kuma kwatsam hoton ya canza. Ya ƙanƙance, baƙin layi ya bayyana a gefe, karce ya rufe allon kamar ana ruwan sama. Nan ne ka san ka shiga abin da aka samo a Buenos Aires. Masu gyaran sun yi iya ƙoƙarinsu, amma lalacewar ta riga ta shiga jikin hoton, ba su kuma yi ƙaryar ɓoye ta ba. Wallahi waɗannan wurare masu karce su suka fi taɓa ni. A cikinsu ne ka ga katafaren gunkin Hel, matar da maigidan birnin da Rotwang, masanin da ya ƙera mutum-mutumin, suka so tare, ta mutu wajen haihuwar Freder, ɗan maigidan kuma jarumin fim ɗin. Pollock ya cire ta ne saboda sunanta ya yi kama da kalmar jahannama a Turanci. Da ya cire ta, sai Rotwang ya koma mahaukaci kawai marar dalili, alhali mutum ne da baƙin cikin rashin mace ya cinye. A cikinsu ne ka ga wani ma'aikaci mai lamba 11811, da Freder ya yi musayar tufafi da shi, ya samu tufafin masu kuɗi da kuɗi a aljihu, ya kasa riƙe amanar Freder ya nufi gidan rawa. A cikinsu ne ka ga yaran ma'aikata sun cunkushe a matattakala, ruwa na tasowa, ƙofar ƙarfe a kulle a samansu. Na kalli wannan wurin zuciyata na bugawa, duk da hoton ya fi ko'ina muni.

Ga kuma kiɗa. Kuskure ne a ɗauka fim marar magana shiru ake kallonsa. Gottfried Huppertz ya rubuta wa Metropolis kiɗansa tun ana ɗaukar fim ɗin, kuma takardun kiɗan nan, da yake an rubuta a jikinsu abin da ke faruwa a allo daki-daki, su suka taimaka wa masu gyara suka gane inda kowane yanki zai zauna. A faifan, ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Barlin ce ta buga shi ƙarƙashin jagorancin Frank Strobel. Bugun injin da bugun kiɗan tafiya ɗaya suke yi. Yawancin abin da ake ɗorawa kyauta, kowane kiɗa mai ɗorawar ya samu shi yake liƙawa.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da aibu ba. Ƙarshensa bai gamsar da ni ba ko kaɗan. Bayan duk zaluncin da aka nuna, sai a ce musabaha tsakanin shugaban ma'aikata da maigida a ƙofar coci ta warware komai? Lang da kansa daga baya ya nuna bai ji daɗin wannan ƙarshe ba. Amma ina so in yi wa fim hukunci a kan abin da masu shi suka yi, ba a kan abin da almakashin wani ya bari ba.

Yanzu maganar kyauta. Gaskiya ne tun 1 ga Janairun 2023 haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, don haka za ka same shi birjik. Wani kwafin tsohon yankakke ne, wani kuma, in ka ga ya yi kyau, daga irin wannan faifan aka ciro shi. Ma'ana dai, kyawun da kake gani a kyauta, wani ne ya biya kuɗinsa. Akwai mutanen da suka zauna wata da watanni suna duba hoto ɗaya bayan ɗaya, fim kuwa kowace daƙiƙa hotuna ne sama da ashirin. Ƙananan kamfanoni irin Eureka a Ingila da Kino a Amurka suna biyan gidajen adana kuɗin izini kafin su buga faifai, kuma cinikin da suka yi a wannan shi ke ba su ƙarfin halin ɗauko na gaba. In kowa ya ce sai kyauta, gwangwanin da ke jiran layi zai ci gaba da ruɓewa. Ban ce wanda ba shi da hali ya matsa wa kansa ba, ya kalla inda ya samu, ya fi rashin kallo. Maganata da mai hali ce, wanda ke kashe ninkin wannan kuɗi a abin da ba zai kai mako ba.

Abin ya fi damuna ne saboda mu ma muna da namu gwangwanayen. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya a Legas, cibiyar Arsenal ta Barlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin Barlin na 2018. Mu nawa ne a nan muka gan shi? Finafinan Hausa na zamanin kaset kuwa, na shekarun 1990 da muka taso muna haya a shago, kaset ba ya jure zafi da ƙura da damshin damina. Ina asalin kwafinsu yake yau, a hannun wa, a wane irin ɗaki?

Wanda ya yi niyyar saye, ya lura da abu ɗaya: faifan Blu-ray yanki-yanki ake kulle shi. Amurka tana yankin A, Turai da Afirka suna yankin B, saboda haka bugun Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka yi wa yankinmu. A duba bayan kwalin, a kuma tabbata an rubuta minti 148 ko kusa da haka, kada a sayi tsohon bugu.

Har yanzu akwai 'yan mintuna da ba a samo ba, ciki har da wa'azin wani malamin coci da faɗan da aka yi tsakanin maigidan birnin da Rotwang. In an zo wurin, allo yakan yi baƙi, rubutu ya fito yana gaya maka abin da ya kamata ka gani. Ranar Asabar bayan la'asar zan sake saka shi, na kuma gayyaci abokin nan nawa da ya yi tambayar, ya ce zai zo.